Sojan Tangaran Mai Hannu Ɗaya

Halifax, Kanada
8 ga Nuwamba, 1970

Goggo Enid,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta. Yaya gwiwar nan taki da sanyin bana? Ina fatan kina shafa man da likita ya ba ki, ba ajiye shi kika yi kina kallo kamar na bara ba. Ni lafiyata ƙalau. An mayar da ni ɗakin jinyar tsofaffi maza, kullum cikin rigima da su nake a kan shan taba a ɓoye.

Goggo, ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta sauran. Ranar Asabar na gangara wajen tashar jiragen ruwa neman takalmin sanyi, na bi ta gaban shagon tsofaffin kayan tarihi na wata mata, Misis Boutilier. Har na wuce, sai na ji kamar an janyo ni ta baya. A tagar shagon, tsakanin wata tsohuwar fitila da agogo, ga mutum-mutumin tangaran irin namu na gida. Soja ne, jar riga, doguwar baƙar hula, ya jingina da bakin igwa. Bayansa fari fat ba fenti, ƙarƙashin ƙafarsa koriyar ciyawa da layin zinariya guda, sak irin mutum-mutumin Kaka Keziah da ke kan kantar murhunki.

Na shiga na ce a ba ni in duba. Matar ta ce, "Harshenki ba na nan ba ne, daga ina?" Na ce daga Longton ta Ingila, inda aka gasa wannan. Ta ce, "Ashe ɗan garinku kika zo gaisarwa." Wai a gwanjon kayan wani gida na ƙauye ta same shi, ba ta san mai shi ba.

Aibinsa ɗaya, hannun hagu ya karye tun daga gwiwar hannu. Ina ƙarama kin taɓa ce mini Kaka Keziah tana da miji da ya ɓata, na ɗauka zolayata kike. Don Allah ki ba ni labarin tun daga farko.

'Yarki,
Glenys

Longton
20 ga Nuwamba, 1970

Glenys 'yata,

Wasiƙarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, man kuma wari gare shi kamar kwata, amma ina shafawa. Ki riƙa rufe wuyanki, ke da ubanki duk ba ku da ƙirjin sanyi.

Kin ce in zauna, to a tsaye na karanta, shayina ya huce a banza. Ga labarin. Keziah kakata ce, ta haifi uwata. Ita da mijinta Enoch Salt a ma'aikatar tangaran ɗaya suke aiki, shi yana danna yumɓu a mazubi, ita tana fenti. Da ya shiga soja aka tura su yaƙin Kirimiya, an yi ƙuri'a a kan matan da za a yarje wa bin mazajensu, ta faɗa kanta. Abin da duk unguwar nan ta sani shi ne, ranar gumurzun Inkaman a can Kirimiya hazo ya rufe ko'ina har mutum ba ya ganin tafin hannunsa, ita kuwa ta saɓa ɗan gangan ruwa tana bin nishin waɗanda aka harba tana shayar da su, har ta yi tuntuɓe da mijinta kwance. Ta ja shi baya. Ya rayu, hannun hagu ne bai dawo ba.

A lokacin kowace ma'aikata tana zuba sojoji da sarakuna da matan yaƙi, talaka ya saya ya ɗora a kan murhu. Da suka dawo gida, wani abokin Enoch ya ɗauki soja ɗaya tun yumɓu yana ɗanye, ya sa wuƙa ya yanke hannun ya shafe wurin. Keziah ta yi wa biyun fenti da hannunta, shi da mace mai gangan ruwa. Ina shekara takwas na gan su tare na ƙarshe. A makon da Kaka ta rasu, Kawu Silas ƙanin uwata ya sa sojan cikin jakarsa ya hau jirgin Kanada, ko sallama. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Uwata ta yi rantsuwa cewa shi da abin da ya ɗauka ba za su ƙara taka mata ƙofa ba.

Yanzu ki saurara, shekara arba'in da ɗaya na yi da buroshi a hannu ina fentin tangaran. Ki koma shagon ki sa yatsa a dungulmin hannun. In kin ji kaushi, karaya ce, ki manta da shi. In kin ji santsi, ruwan ƙyallin da ake tsoma su ciki ya rufe wurin, to tun kafin ya shiga wuta aka yanke. Kada ki nuna wa matar zumuɗi. Na san fuskarki, ba ta riƙe asiri.

Goggonki,
Enid

Halifax
3 ga Disamba, 1970

Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, wuyana a rufe. Ina fatan ke ma haka. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Santsi ne, Goggo. Santsi kamar bayan cokali. Na sa yatsa, ban yarda ba, na sa farce, ban yarda ba. Da matar ta juya ɗauko wa wani mutum kaya, sai na sa harshe. Ashe akwai madubi a bango. Ta juyo ta ce, "Ba a cin kayana sai an biya." Kunya ta kama ni, muka yi ta dariya, daga nan kuma na kasa riƙe bakina, na zayyane mata komai. Na san za ki yi faɗa. Amma mutuniyar kirki ce, har ta ɗauko gilashin ƙara girma muka duba tare. Ana ganin inda babban yatsan mutumin ya shafe yumɓun, zanen yatsan yana nan a ƙarƙashin ƙyallin. Gashin sojan kuma ja ne, ba baƙi kamar na sauran da na saba gani ba. Ke kika ce jan gashin ubana daga wajen Salt ya zo.

Tun ranar ba na iya tafiya a hankali. Babbar nas ta ce mini in saurayi na samu in faɗa. Na ce eh, shekararsa ɗari da goma sha huɗu, kuma da matarsa.

Ba shi da araha, sai na ɗan matse, amma zan iya. Misis Boutilier ta cire shi daga taga, ta ce za ta ajiye mini shi har tsakiyar Janairu. Abin da ya tsayar da ni rantsuwar uwarki ce. Gidanki zai shiga, ba nawa ba, kuma ke kika ga hawayenta, ni ban gani ba. Ba zan aiko miki da abin da zai tayar miki da tsohon miki ba. Ki ce mini in saya ko in bari.

Na aiko miki da safar hannu ta Kirsimeti a wani ƙunshi dabam.

Glenys

Longton
29 ga Disamba, 1970

Glenys,

Barka da Kirsimeti, safar ta iso, ta yi mini daidai. Mura ta kwantar da ni kwana shida, yau na fara tashi, shi ya sa kika ji ni shiru. Rubutun zai zama gajere, takardar wasiƙar jirgin sama ɗaya ta rage mini, irin wadda ake naɗewa ta zama ambulan, zan matsa shi har baki.

Raina a ɓace yake. Takarda ta zo, za a rushe layinmu gaba ɗaya a watan Fabrairu, an ba ni ɗaki a hawa na tara a sababbin benayen nan. Tun da labari ya bazu dillalan kayan tarihi suke zagaya gidajen tsofaffi kamar ungulu. Wani Mista Plimmer ya shigo mini, ya ɗaga Keziah da hannu ɗaya kamar kwalbar madara, ya ce, "Uwa, wannan ai ba kakarki ba ce. Zubin wata Bafaransiya ce mai sayar wa sojoji abin sha, dubbai aka yi, suna kawai ake canzawa." Na ce ya ajiye ta ya kama hanya. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji, domin na san yadda ake zubi, ba shi zai koya mini ba.

Game da rantsuwa, na kwana biyu ina juya ta. Na tuna uwata zaune a bakin matakala tana kuka da mutum-mutumin Keziah, rabin gadonta, a cinya. Na tuna Silas, ko kati bai taɓa aiko mata ba. Matattu dai sun tafi da rigimarsu. Kada ki bar shi a shagon nan, ko me matar ta ce miki.

Enid

Halifax
16 ga Janairu, 1971

Goggo Enid,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da mura. Ki sha abu mai zafi, ki bar wa maƙwabta ɗaure kaya. Zancen rushe gida ya taɓa ni ƙwarai, a ɗakin girkin nan na koyi tafiya. Ni lafiya, dusar ƙanƙara ce dai ta kai gwiwa.

Na karanta wasiƙarki sau biyar ko zan ga wani abu dabam, ban gani ba. Kin ce matattu sun tafi da rigimarsu, in bar shi a shagon nan, ko me matar ta ce mini. Na ji, na bi. Jiya na je na gaya wa Misis Boutilier ta mayar da shi taga. Ta ce, "Kin tabbata? Mutumin da kika lasa?" Na yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Na riga na sayi akwatin katako da auduga, na riga na gama ganinsu a raina, shi a dama ita a hagu. Na so in saya in ajiye a ɗakina in yi shiru, sai na ga hakan ma irin halin Kawu Silas ne. Ba na jin haushinki. Mutumin nan Plimmer nake jin haushi, don na san shi ya sanyaya miki gwiwa.

Ki aiko mini da sabon adireshi.

Glenys

Longton, hawa na tara
12 ga Maris, 1971

Glenys,

Lafiyata lau, ban mutu ba, duk da yau da safe na kusa. Ina fatan kina lafiya, domin ina bukatar ƙafafunki.

Yajin aikin gidan waya ya riƙe wasiƙarki mako bakwai, yau ta faɗo ta ƙofa da wasu tarkace. Mako bakwai ina zaune ina murna. Na gaya wa matan coci, na gaya wa mai nama, na gaya wa masu ɗaukar kaya su yi hankali da Keziah mijinta yana hanya. A sabon ɗakin nan babu murhu, sai wani ƙarfe mai ɗumi a bango, na sa an kafa mini kanta musamman, na bar masa gefen dama. Kullum na ji motsi a matakala sai in ce akwatin ne.

Sai ga wannan. Wa ya ce ki bar shi? KADA na rubuta, 'yar nan, KADA ki bar shi. Na tuna ma inda kalmar take, a can ƙarshen layi daf da baki, don wuri ya ƙare mini. Ɗauko takardar ki duba. In da almakashin asibitin nan kika buɗe ta kamar yadda kika saba farke komai, to kin yanke wa kakanki hannu na biyu.

Ki ajiye duk abin da kike yi ki ruga shagon. In yana nan, ki rungume shi ki fito. In an saya, ki bi sawu ko da ƙarshen duniya ne. Plimmer kuwa, ki cire shi daga ranki. Mazubi na kowa ne, na yarda. Amma wuƙar da ta yanke hannun nan mutum ɗaya aka yi wa.

Ba zan iya zama ba, na share ɗakin nan sau uku.

Goggonki

Halifax
28 ga Maris, 1971

Goggo,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina lafiya, sai kunya. Na ɗauko takardar na ɗaga ta a taga, gefen dama a yanke yake tun daga sama har ƙasa, siririn yanka. A ƙarshen layin ana ganin ɗan ƙafar harafi guda. Almakashin ne. Na jefa shi cikin aljihun tebur, ba na son ganinsa.

Da kayan aiki a jikina na ruga shagon. An sayar tun farkon Fabrairu. Na zauna a kan wata kujerar sayarwa na rufe fuska. Misis Boutilier ta ce, "Tashi, kujerar nan ta girmi uwarki. Ban saba faɗin sunan mai saye ba, amma ke naki dabam ne." Sunansa Mista Zwicker, a Lunenburg yake, garin masunta, tafiyar awa biyu a bas.

Ranar Lahadi na je. Duk hanya ina shirya magana, yadda zan roƙe shi, yadda zan ƙara masa a kan abin da ya biya. Na ƙwanƙwasa, wani dogon dattijo ya buɗe, da farin gemu, da rigar ulu ta masunta. Goggo, hannun rigar na hagu a naɗe yake, an maƙale shi da fil a gwiwar hannu. Duk maganar da na shirya ta gudu.

Ya ce, "In wa'azi ne, na riga na ji na yau." Na ce a'a, wajen sojan na zo. Ya dube ni ya daɗe, ya ce in shigo. Ga Enoch can a kan kantar murhu, shi kaɗai, tsakanin lofe da hoton wata mata. Ya haɗa mini shayi da hannu ɗaya, ya hana ni taimako. A Italiya ya bar hannun a yaƙin duniya da ya wuce, matarsa ta rasu shekara uku ke nan, ba su haihu ba. Ya ce, "Na ga mutum-mutumin sojoji da yawa, duk da hannu bibbiyu, suna ɗaga takobi. Wannan ne na farko da ya dawo daga yaƙi irin dawowar da na sani. Na tambayi matar ko karyewa ya yi, ta ce a'a, haka aka yi shi. Na ce to naɗe mini."

Na ba shi labarin duka, har da almakashi. Ya yi dariya har da tari. Ya tambayi sunan sojan, na faɗa, ya juya ya ce, "Enoch. Wata biyu muna hira ban san sunanka ba." Daga nan ya ce mini, "'Yata, kada ki tambaye ni abin da kika zo tambaya, don ba na son in ce miki a'a a gidana. Ki gaya wa goggonki ban ƙi ta ba. Amma mutum ya yi shekara sittin a ƙasar nan, ya zama ɗan gari. In matarsa tana son ganinsa, ƙofa a buɗe take."

Ban roƙa ba, Goggo. Na kasa. Ki gaya mini in na yi kuskure.

Glenys

Longton
14 ga Afrilu, 1971

Glenys 'yata,

Ina lafiya, gwiwa ma ta ji labari ta yi sauƙi. Ina fatan kin daina kukan almakashi. Ba ki yi kuskure ba. Da kin roƙe shi da na ji kunyarki.

Ki gaya wa Mista Zwicker ya share kantarsa, muna tafe ni da Keziah ranar tara ga Yuni. Na san abin da za ki ce. Shekarata saba'in da ɗaya, iyakar tafiyata bakin teku na Rhyl, can ma amai na yi a bas. To na riga na yanki tikitin jirgin sama. An ɗauke ni hoton fasfo, na fito kamar wadda ta kashe mutum. Matan coci sun kasu biyu, rabi suna cewa na haukace, rabi suna ba ni saƙo wajen 'yan uwansu a Toronto, kamar bayan gidanku ne.

Keziah a cinyata za ta yi tafiyar. Na naɗe ta cikin rigar ulu biyu, na sa a kwalin hula, na gwada jijjiga shi, ba ta motsi. Ita da ta haye teku a jirgin sojoji da dawaki, wannan ba zai dame ta ba. Zan taho miki da wainar nan tamu ta hatsi in sun bar ni na wuce da ita, ki tanadi cuku.

Ki sanar da dattijon nan ba ƙwace na zo yi ba, gani na zo. Kuma ki tambaye shi ko yana shan shayi mai ƙarfi, in ba haka ba in taho da nawa.

Kwana hamsin da shida, na ƙirga a kalanda.

Enid

Longton
11 ga Yuli, 1971

Glenys,

Na iso gida lafiya, ƙafafu sun kumbura kwana biyu sun sace. Ina fatan kin huta da hidimata. Na gode da gadonki da kika bar mini, na san kujerar nan ba ta da daɗin kwana.

A filin jirgi kin tambaye ni me ya sa kwalin hula ba nauyi, na ce zan rubuto. Ga shi na rubuto.

Kin ga abin da ya faru ranar farko, yadda muka ɗora su suka juya wa juna baya, Mista Zwicker ya ce da alama faɗan bai ƙare ba, sai da muka sauya musu gefe suka fuskanci juna. Ni na yi kuskuren, shekara sittin da uku ina ajiye ta a hagu ashe ita ce ta dama. Kin ga kuma yadda na matsa na ƙura musu ido. Shuɗin siket ɗinta da shuɗin wandonsa daga kasko ɗaya suka fito, hannu ɗaya ya ja girarsu. Wannan ba sai an gaya mini ba.

Abin da ba ki gani ba shi ne ranar Alhamis, da kika koma aiki kika bar ni can. Muna zaune a bakin taga yana nuna mini jiragen kamun kifi, sai ya ce, "Misis Enid, zancen gangan ruwan nan, kin yarda da shi?" Na ce ni ba Misis ba ce, ba wanda ya taya. Ya ce to, amma kin yarda? Sai na ji bakina ya faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ubanki. Ina 'yar shekara bakwai na tambayi Kaka yadda ta bi cikin hazo. Ta ce mini, "Wane hazo? Ina bakin rafi ina wanke rigunan mutane, jini ba ya fita da ruwan sanyi. Da yamma aka kawo mini kakanki a kan ƙyaure." Ta ce 'yan unguwa ne suka ƙera labarin tun kafin su dawo, ta gaji da musu ta ƙyale su. Na riƙe wannan a cikina duk rayuwata, ina ba ku na gangan ruwa don ya fi daɗi, har ni ma na kusa yarda.

Na zaci zai yi dariya. Sai ya ce, "A asibitin da aka yanke mini hannu akwai wata tsohuwa 'yar ƙauyen, ita ke wanke mana zannuwa. Ban san sunanta ba. Janar-janar sun zo sun rataya mana lambobi, na manta fuskokinsu. Tata ban manta ba." Ya miƙe ya je gaban kanta ya ɗan sunkuyar wa Keziah da kai, kamar yadda ake yi wa babba.

A nan na yanke shawara. Da safen da za mu tafi, kina waje kina neman mota, na ce masa zan bar ta. Ya ce ba zai karɓa ba. Na ce ba kai na ba wa ba, mijinta na ba wa, kai mai masauki ne. Muka yi ta ja, ƙarshe ya kawo takarda ya rubuta cewa ranar da ya bar duniya su biyun naki ne, ya sa hannu, na sa. Tana cikin littafin addu'ar da na bar miki a ƙarƙashin matashi, ki adana ta.

Kada ki ji tausayina a kan kanta. Na ɗora rediyo a wurin, ya zauna daidai. Matan coci sun taru jiya jin labari, na ba su na rafi da riguna. Wata ta ce na ɓata musu tarihi, wata kuma ta ce uwarta ma wanki ta yi a yaƙin duniya na farko ba wanda ya taɓa tambayarta, muka kai har shayi ya ƙare ana ba da labarin iyaye.

Mista Zwicker ya ce zai rubuto mini, na ce ya rubuta da manyan haruffa kuma ya bar fili a baki.

Abu ɗaya nake so ki yi mini. Duk Lahadin farkon wata ki hau bas ɗin nan ki je ki goge musu ƙura. Buroshi mai laushi, ba sabulu, ba ruwan zafi, zinariyar ba ta son shafa. Ki riƙe su ta gindi da hannu biyu. Shi zai ce zai iya, kada ki yarda. Ki bar shi ya haɗa shayin.

Goggonki,
Enid